Ranar da Haka-Ne Ya Ga Allo

Haka-Ne ake kiransa, mai gyaran takalman nan da ke zama ƙarƙashin matakalar benen bakin titi. Ko ce masa ka yi rana ta fito daga yamma, sai ya ɗago daga takalmin da ya kusa mannawa a hancinsa ya ce, "Haka ne." Mutane na yaba ladabinsa. Ladabin me? Tsoro ne aka ɗura masa tun yana ɗan shekara takwas.

A lokacin ne ya gaya wa mahaifinsa ba ya ganin rubutun allo a aji. Uban ya ce ƙaryar rago ce, kaf zuri'arsu babu mai ciwon ido. Yaron ya ce, "To me ya sa nake gani dishi-dishi?" Mari ya sha, amsar ke nan. Da ya zo na ƙarshe sau biyu aka yanke cewa daƙiƙi ne, aka cire shi daga makaranta aka miƙa masa basilla da zare. Abin takaicin, shi ma ya yarda. Shekara arba'in bai sake tambayar dalilin komai ba.

Kwatsam autarsa ta dawo da takarda daga malamar ajinsu: yarinyar ba ta ganin allo, a kai ta awon ido, in ba haka ba wannan karon ma sai ta maimaita aji. Yayansa, wanda ya gaji kujerar uban har da tsawarsa, ya karanta ya wurgar.

"Gilashi kashe ido yake yi. Kan ne babu komai, gado ta yi."

"Haka ne, Yaya."

Matarsa ta tsare shi a ɗaki tana huci. "'Yarka ake zagi da kai, kana cewa haka ne? Ko ka kai ta, ko in kai ta."

Ya kai ta, a ɓoye kamar ɓarawo. A asibiti yarinyar ta karanta manyan haruffan saman allon awo, ta tsaya. Haka-Ne ya yi ta-maza ya kare ta: "Likita, ai wannan nisan babu mai gani." Likitar ta dube shi, ta ce ya zauna. Ta ɗora masa gilashin gwaji.

Ashe akwai haruffa har ƙasa. Ashe agogon bango na da lambobi. Ya juya ya hango 'yarsa a can bakin ƙofa, har da wushiryarta. Amma bai yi murna ba. Wani baƙin ciki ne ya kama shi: ashe shi ba daƙiƙi ba ne, abin da bai kai kuɗin takalmi ƙafa biyu ba ne ya cinye masa rayuwa.

Suka shigo gida kowa da gilashinsa. Yayan na zaune a tsakar gida, ya daka tsawa: "Cire mata wannan abin!"

Yarinyar ta kai hannu za ta cire. Haka-Ne ya riƙe hannunta. Yau ne ya fara ganin fuskar yayansa tar daga nesa: tsoho ne kawai, yana ta ƙanƙance ido don ya gane su.

"Me ya sa, Yaya?" ya ce.