Wuƙar Kawu Sule Ba Ta Cin Ƙashi

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a ɗakin Kawu Sule da ke unguwar Sanyuanli, can kudu nesa da Beijing, ya san ba a gaishe shi in yana wasa wuƙarsa. Sai ka tsaya bakin ƙofa da yunwarka, ya jiƙa dutse, ya goga, ya goga, ya gwada ta jikin tumatir, sannan ya ɗago ya ce, "Af, ashe da mutum!"

Wuƙar 'yar Japan ce, santoku sunanta, amma shi Hajiya yake ce mata. Faffaɗa, ba tsini, baki siriri, da 'yan ramuka a gefe don kada albasa ta manne. Nama, kifi, kayan miya, duk ita ce. Da ya gama sai ya wanke ta ya goge tsaf, wai garin da riga ba ta bushewa ba a barin ƙarfe da ruwa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, sarin wanduna a kasuwar Canaan ya kai ni, a ɗakinsa nake kwana, amma ko ƙotarta ban taɓa riƙewa ba.

Wani ɗan Maraɗi ya taɓa cewa, "Kawu, ara mini in yanke igiyar kwali."

"Meyo," in ji Kawu, wato babu, kamar yadda masu shago ke ce mana.

"Ga ta nan a hannunka!"

"Wannan ta abinci ce. Kwali kuwa, Allah ya ba ka haƙora."

Ranar babbar Sallah aka yi ta. Wani Alhaji daga Kano, babban mai cin tuwonsa, ya kawo cinyar rago. Kawu ya shiga alwala, Alhaji ya ɗauki Hajiya ya sari ƙashi kamar yadda muke yi a gida. Ƙwas! Bakinta ya ɓalle kamar ƙwayar shinkafa. Kawu ya fito, ya karɓe ta, ya duba bakin.

"Haba Kawu, wuƙa ce fa. Zan sayo maka goma."

"Riƙe gomarka, ka sari ƙashi da su."

Da aka zo rabo kowa ya sami tsoka. Alhaji ya buɗe kwanonsa, sai ga ƙashin nan shi kaɗai. "Ga abin da ka yi yaƙi a kai," in ji Kawu. Mu muka yi Sallah, Kawu kuwa ya ƙare tasa a kan dutsen wasa wuƙa.

Sai ga shekarar Olamfik. Ana can Beijing ana guje-guje, mu muna nan muna namu gudun, don biza ta yi wuya. Ta Kawu ta ƙare, aka ƙi sabuntawa. Yana haɗa kaya na ce ya sa Hajiya a babban akwati.

"Wanda zai dawo ba ya kwashe kaya," ya ce. Ya shafa mata mai, ya naɗe ta a tawul, ya miƙo mini. "Ajiya na ba ka, ba aro ba."

Daga Kano in ya bugo waya, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Ka duba ta?" Ya nemi biza, aka hana. Ya sake nema, aka sake hanawa. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi, amma kullum cewa yake bayan Sallah yana nan tafe.

Wata ran ya kira, muryar can ƙasa.

"Ka fiddo ta ka yi aiki da ita. Katako za ka sa a ƙasa, ban da faranti."

"Kawu, ai ajiya ce."

"Na sani. Fiddo ta dai."

A nan na san ba zai dawo ba, shi ma ya sani. Ba a jima ba aka bugo mini da rasuwarsa.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa, ya sauke shi inda ba za a sake ce masa ya haɗa kaya ba. Amin.