Bisimillar Malam Buhari a Layin Farko

Har gobe ban manta da ranar da Malam Buhari ya sa na kusa rasa aikina a kan Bisimilla ba. Lokacin ina watan gwaji a wani shagon kwamfuta a Sabon Birni, kuma oganmu, Alhaji Sani, ya faɗa mini ƙarara cewa shafin intanet na farko da zan haɗa shi zai nuna ko zan zauna ko zan koma gona.

Ga wanda bai san aikin ba, kowane shafi fuska biyu gare shi. Akwai wadda jama'a ke gani a waya, akwai kuma rubutun umarni da ke bayanta: HTML mai tsara ƙashin shafin, da CSS mai yi masa ado. Ba mai haddace su duka. Shi ya sa muke da takardar tuni manne a bango, alama a hagu, aikinta a dama. Ni kam ita ce malamata. Layinta na farko ya ce akwai wata alama da dole ta buɗe kowane shafi, kada komai ya riga ta.

Malam Buhari shugaban wata Islamiyya ne a Tsamaye, yana son shafin da tsofaffin ɗalibansa za su riƙa dubawa. Na gama, ga Bisimilla can sama cikin koren rubutu, abin sha'awa. Ya yaba. Sai tsautsayi ya sa ya leƙa ɗaya fuskar.

"Ɗana, mi nika gani? Bisimilla can ƙasa, rubutun Nasara bisa kanta?"

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, nan ba mai gani sai ni."

"Kai ɗin ba mutum ba ne? Maishe ta sama."

Na mayar da ita sama. Nan take shafin ya karkace, jadawalin darussa ya kumbura, rubutu ya hau kan hoton makaranta. Na dawo da ita ƙasa, shafi ya gyaru, fuskar Malam ta ɓaci. Na sake, na kuma sakewa, har na daina gane wanne nake gyarawa. Takarda ta ce kaza, Malam ya ce kaza, kuma a ganina kowa da gaskiyarsa. Alhaji Sani ya leƙo ya ce, "In Malam ya fita babu shafi, kai ma bi shi." Wallahi tsoro ya kama ni.

Malam ya gyara zama ya ce, "Ba gardama niz zo yi ba. Manomi in za shi kafa kalme shi fara noma, ai ba shelar Bisimilla shika yi ba, cikin zuci shika faɗinta. Ita na'urar taku ba ta da zuci?"

Na koma bango ina bin takardar da yatsa, ba don na san abin da nake nema ba. Can ƙasa, inda manne ya fara ɓarewa, na ga alamar da ake rufe bayani da ita, wanda mai rubutu zai gani amma na'ura ta tsallake. Na sa Bisimilla a cikinta, a layin farko. Shafin ya buɗe lafiya lau.

Malam ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To ita na'urar ba ta karanta ta?"

"Ba ta karantawa, Malam."

"Babu laifi. Dama ba don ita anka rubuta ba."

Alhaji Sani ya ce in zo da wuri gobe. Ku da kuke koyo yanzu, takardar bango za ta gaya muku abin da na'ura ke karɓa. Abin da mai shafin ba zai iya kwana da shi ba, ba za ku san shi ba sai kun ja masa kujera ya zauna kusa da ku.