Agogon Kawu Mai Aiki da Jini

Ni dai son tsofaffin agogo a wajen kawuna na ɗauko shi, yayan mahaifiyata da ke Talata Mafara. A Kaduna nake zaune, muna da zaurenmu a waya, mu masu wannan ciwon, kullum cikin tura hotuna da gardama. Amma duk surutunmu ban ga inda ake girmama agogo kamar majalisar su Kawu ba.

Su uku suka rage. Duk Talata, ranar kasuwa, bayan azahar sai su haɗu a zaurensa. Ɗaya malami ne daga Bakura, ɗayan Bafillace ne da muke ce wa Ardo, mutumin wajen Gidan Goga, ya dawo cikin Maradun da zama tun da daji ya ɓaci. Aikin dam ɗin Bakolori ne ya haɗa su suna samari. Kawu tifa yake ja, Ardo gadi, Malam kuma shi ke jan ma'aikata salla. Sun ce kafin nan kowa inuwa yake dubawa. Da Turawan Italiya suka zo da aikin shiga da fita kan lokaci, sai ya zama saurayin da bai ɗaura agogo ba bai fara aiki ba.

Na Malam ɗan Rasha ne, siriri, fuskarsa ta yi ruwan tsohuwar takarda, kullum bayan asuba yake murɗa masa kai. Na Ardo ƙato ne baƙi, in ka rufe shi da tafin hannu har yau lambobinsa na ɗan haske. Amma na Kawu shi ne sarki. Ɗan Jafan, fuska koriya da ke ƙara duhu zuwa gefe kamar ruwan dam da yamma, ga sunan rana da Larabci. Tsinken sakan ɗinsa ba ya tsalle, sulalewa yake. Ba batir, ba murɗawa. In ka tambaya Kawu zai ce maka da jini yake aiki. Haka aka faɗa masa ran da ya saya, haka kowa ke faɗa a lokacin, kuma agogon bai taɓa ƙaryata shi ba.

Sai Kawu ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi. Baki ya dawo, ƙafa na ɗan ja, hannun kuwa yana kwance inda aka ajiye shi. Likita ya ce a riƙa motsa shi kullum, Kawu ya ce shi ba jariri ba ne. Ba a daɗe ba agogo ya tsaya a hannunsa.

Nan fa komai ya rikice. Inna, matarsa, ta kira ni ta ce ya daina cin abinci, duk wanda ya shigo sai ya nemi gafararsa. Ya ce jini ya mutu a ɓarin nan, saura ɗayan.

Na shiga mota na je. Na zauna gabansa da wayata, na buɗe masa bidiyon cikin irin agogon. Na ce, "Kawu, duba nan. Wani ɗan ƙarfe ne kamar rabin wata, in hannu ya motsa sai ya juya ya ɗaure masa ƙarfi. Motsi ne, ba jini ba."

Na cire agogon, na ɗaura a hannuna, na kaɗa. Tsinke ya tashi.

Ya dube ni ya ce, "To, hannunka da jini mana."

Na ce to a mai da shi hannun dama.

"In na mai da shi dama na sallama hagun ke nan. Mai da min shi inda kag gane shi."

Na mayar. Kafin la'asar ya sake tsayawa, Kawu ya juya fuska bango.

Ranar Talata Malam da Ardo suka iso. Aka yi gaisuwa doguwa, gajiya, iyali, hanya, ruwan bana, har dabbobin Ardo da babu su yanzu sai da aka tambaya. Sannan kowa ya kwance agogonsa ya aza kan buzu, haka suke yi kafin a fara hira. Kawu bai kwance nasa ba.

Ardo ya ce, "Direba, ina naka? Ko ka sai da shi ka sha hura?"

"Ya tsaya."

"Shi yat tsaya ko kai kat tsaya?"

"Jinin ya mutu, Ardo. Ku yahe min."

"Ni ban yahe ba. Ƙurar da kab bula min bakin get tana nan cikin ƙirjina."

Ya matso ya kama hannun hagun, ya danna, ya jujjuya, irin yadda ake duba dabba a kara. Ni ina jira in ji Malam ya goya min baya, don na san mai karatu ne. Shi kuwa carbinsa kawai yake ja.

Ardo ya ce, "Hannun ga da ɗumi. Matacce ba shi ɗumi. Jinin kwance yake, awa saniyar da tad daɗe ba ta tashi ba. Kuma agogon ga ɗan gata ne, ba shi shan jinin kwance. Ko Malam?"

Malam ya kaɗa kai alamar haka ne.

"To mi za a yi?" in ji Kawu. Tun zuwana ban ji ya tambayi komai ba sai yanzu.

"A tada shi. Kama hagun da daman. Ɗaga. Haba direba, tifa ce, ɗaga baya ka zub da ƙasa. Sauke. Ƙara ɗagawa, Bature na kallo."

Kawu na ɗagawa yana tsaki, gumi na karyo masa, Ardo na ba da umarni kamar shugaban leburori. Malam ya ce a ƙara kaɗan saboda Allah. Can sai tsinken nan ya motsa, ya sulale, ya ci gaba da tafiya kan koriyar fuskar. Su ukun suka sunkuya a kansa. Malam ya ɗauko nasa daga kan buzu ya faɗi lokaci, ni na gyara wa Kawu nasa.

Da na raka su tasha na ce, "Allah gafarta Malam, kai fa ka san ba jini ba ne."

"Na ga cikinsa wajen mai gyara tun uwarka na tallan gyaɗa."

"To me ya sa ka ce haka ne?"

"Ni mi nac ce? Ardo yay yi magana. Ni wuyana yag gaji, na kaɗa."

Ardo na gefe yana dariya har da riƙe sanda.

Ba wai shi ke nan ba. Washegari da safe agogon ya sake tsayawa, don ɗagawar ba ta ishe shi kwana ba. Na tsorata. Amma wannan karon Kawu haushi ya ji, ba tsoro ba. Ya ce a kawo masa koko, ya sha, ya kama hannu ya shiga ɗagawa yana yi wa jinin faɗa, wai raggo. Haka na baro shi na koma Kaduna. Malam da Ardo ba su fasa Talata ko ɗaya ba, duk da hanyar Maradun yadda take.

Bayan wasu makonni Inna ta kira ni ina kan acaɓa, muryarta a sama.

"Kai da abokan kawunka kun ja mana. Mutum ya wuni yana wurgi da hannu. Yanzun ga ya ture min kwanon kunu, duk tabarma ta ɓaci."

Na ce wa mai acaɓa ya tsaya. Na ce, "Inna, da wane hannun?"

Sai muryarta ta sauko.

"Da na agogon."

Daga nesa na jiyo Kawu yana cewa ta faɗa min yau agogon kwana ya yi bai tsaya ba, kuma a damo wani kunun.