Yayata Mai Hana Gaisuwa

Masu cewa yayata ba ta da kunya, ku ji aikinta tukuna. A ɗakin hoton ƙwaƙwalwa take. Ana yi wa mara lafiya allura mai fitar da haske, ya kwanta, na'ura ta riƙa zagaya kansa. Hasken da ya watse ya dusashe hoto, kwamfuta na iya tace shi. Amma in kai ya motsa, sai dai a sake wata allurar wata rana.

Shi ya sa ta hana gaisuwa. Tsoho ko ɗaure kansa aka yi, in ka gaishe shi sai ya gyaɗa.

Rannan an kwantar da wani dattijo, sai ga babban ɗansa. Ta tare ƙofa.

"Mahaifina ne fa, Malama."

"Ba gudu zai yi ba. Zauna."

Ya zauna yana huci. Hoton ya fito tas.

Da dattijon ya tashi, ya tambayi ɗan wa ya hana shi gaisuwa.

"Ni ce, Baba," in ji yaya.

"To, ke za ki fara."

Ta durƙusa ta gaishe shi.