Saƙon da Ya Shanye Hannun Inna

Ko zan manta da komai na zamanmu a Agege, ba zan manta da wata Laraba ta shekarar 2002 ba.

Lokacin ina da shekara ashirin da biyu, shagon intanet ya buɗe a layinmu, ni kuwa na faɗa ciki tsundum. Na fi sanin mutanen da muke hira da su ta kwamfuta a kan maƙwabtanmu. Cikinsu akwai wani ɗalibi a Kaduna, ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma aminina nake ce masa. Da yake bakina ba ya da linzami, na zazzage masa labarin gidanmu kaf, har da babbar motar da Yayana ke ɗauko tumatir da ita daga Kano zuwa kasuwar Mile 12, koriya mai hoton zaki a baya. Don tsabar taƙama har lambarta na rubuta masa.

Ranar, bayan azahar, ina zama sai ga saƙonsa: "Aboki, yanzu na dawo daga Zariya. Na ga motar Yayanka a kife a gefen hanya, na duba lamba, ita ce. An ce direban ya rasu nan take. Allah ya jiƙansa."

A wajenmu ba a kai wa uwa labarin mutuwa kai-tsaye. Dattawa ake nema su tabbatar, su zo su gaisa a tsanake, mata su zauna kusa da ita, a fara da cewa jikinsa ne ya yi tsanani. Na san wannan sarai. Na san Inna na fama da hawan jini, na kuma san Kawu yana nan Mile 12 cikin 'yan motoci. Amma shagon nan ya saba mini da cewa wanda ya riga kowa jin labari shi ne gwani. Na sa aka buga mini saƙon a takarda, na zura da gudu.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti.

"Kai kuma lafiya kake haki kamar an koro ka?"

"Inna, Yaya ya rasu."

Ta kafe ni da ido. "In ji wa?"

"Ta kwamfuta aka aiko."

Ni ne na sha gaya mata kwamfuta ba ta ƙarya, don haka ba ta sake tambaya ba. Ta fara salati, ba ta kai ƙarshe ba farantin ya sulale daga hannunta, bakinta ya karkace gefe guda.

Ihuna ya fito da maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Kafanchan. Ta durƙusa ta ɗago kan Inna, ta daka mini tsawa: "Me ka faɗa mata? Tsayuwa kake? Je ka kawo mota, quick!" Na tare wani danfo, bas ɗin haya, da ya sauke fasinja. Muka faɗa cikin cunkoso, ina roƙon direban, "Oga, abeg, uwata ce," ina jin numfashinta yana sarƙewa a kan cinyata. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba.

Kawu ya same mu a asibiti. Ya karɓi takardar ya juya ta. "Wa ya tabbatar?"

"Abokina ne, Kawu."

"Ɗan gidan wa?"

Ko sunansa na gaskiya ban tabbata na sani ba.

Kawu ya fita ya buga waya tashar da ake lodi a Kano. Kafin magariba ya dawo da magana: motar ta kife, direban ya rasu, amma ba Yaya ba ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi, wani ya karɓi tuƙin. Abokina bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Ni ne na ɗauko shi ɗanye na kai gida.

Rana ta uku Yaya ya iso. Inna ta gan shi a bakin gado, hawaye na zuba, ta yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama ta shafa fuskarsa. Hannun ya ƙi tashi. Ta sake gwadawa, sannan ta miƙa na hagu.

Ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, hannun bai dawo ba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Sai dai kullum da safe ta kira ni tana murmushi: "Ɗan kwamfuta, zo ka ɗaura mini ɗankwali."

Yau waya na hannun kowa, ana watsa rasuwar mutum tun uwarsa ba ta ji ba. Ni dai na koyi darasina a tsakar gidanmu: labari mai nauyi sai an tabbatar, sai an nemi wanda ya iya kai shi, sai an duba ko mai karɓarsa zai iya ɗauka. Ban jira awa guda ba, Inna ta ƙarasa rayuwarta tana cin abinci da hagu.