Katantanwa a Gilashin Kifin Nasiru

Jiya da hantsi ina durƙushe ina tsame ƙananan katantanwa daga gilashin kifin ƙanena Nasiru, sai ga Baba riƙe da gwangwanin abincin kifi.

Tun da Nasiru ya rasu a hatsarin babur a hanyar Kalmalo, katantanwar nan ke ta hayayyafa. Nakan jefa ganyen latas su taru a kai in fitar, amma ba a jimawa sun sake lulluɓe gilashin.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, abincin ne ke yawa. Abin da kifayen suka rage shi katantanwa ke ci, ruwan ya ɓaci. Har kifi ɗaya ya mutu."

Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "To mi zan yi, Hadiza? Duk sa'adda yaron ga ya faɗo mini a rai, sai in zo in ba su. Shi dai ba ni da abin ba shi yanzu sai addu'a."

Na matsa gefe, ya zuba.

Jama'a, in ku ne, za ku iya karɓe gwangwanin nan daga hannunsa?