Mofar Filin Badminton

A shekarata ta biyu a Bukit Jalil, inda nake karatu a ƙasar waje, na sa hannu cikin masu aikin sa-kai na gasar badminton da ake yi a babban ɗakin wasan unguwarmu. Abokin zamana ne ya ja ni. "Free makan ne, lah, ga riga kyauta," ya ce, wato har abinci kyauta ne. Na ɗauka ƙofa za a ba ni in tsare. Da aka raba aiki, sai aka miƙo mini mofa. Zan zauna a kusurwar fili, in alƙalin wasa ya ɗaga hannu in ruga in goge gumin da ya ɗiga.

Raina ya ɓaci, kuma da dalili. Babana ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge daɓen asibiti a Kano, da wannan aikin ya kai ni jami'a. Tun ina ƙarami yake cewa shi ne na ƙarshe da zai riƙe mofa a gidanmu. Ga ni nan na ƙetaro teku neman digirin dakta, na zo na ɗauki abin da ya hana. Na ƙudura ba zai taɓa ji ba.

Wanda ya fi ba ni wahala wani ɗan Koriya ne, siriri, sabon shiga, ba wanda ya san shi. Ba ya barin ƙwallo ta faɗi. Sai ya zube da ƙirji ya taro ta, ya bar mini jiƙaƙƙen wuri kamar an yi alwala. Ina gama gogewa sai ya ɗan rusuna mini. A zagayen farko aka cire shi, na ce Allah raka taki gona.

Da shekara ta zagayo ya dawo, ya riga ya ciwo kofi a Turai, ana kiran sunansa ɗakin na ɗauka. Wasansa aka sa a talabijin, ni kuma ina kusurwata da mofa. Wani ɗalibi da na taɓa koyarwa a gida ya yanko daidai inda nake gugar fili, ya tura wa ƙanina, ƙanina kuma bai iya riƙe komai ba. Da asuba wayar Baba ta shigo. Na daɗe ina kallonta kafin in ɗauka.

Muka gaisa, ya tambayi karatu. Sannan ya ce, "Wa ya koya maka riƙon mofa?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai sa-kai ne, ba aiki ba ne.

"Ba shi na tambaye ka ba. Kana jan ruwan ne kawai daga nan zuwa can. In ka goge, ka tsuguna ka dubi daɓen ta wajen haske, inda ya rage zai yi ƙyalli. Yaron nan da ƙafarsa yake cin abinci. In ya zame, kai ne."

Kunya ta kama ni, amma ba irin wadda na shirya mata ba.

Daga nan Baba, wanda ko ƙwallon ƙafa ba ya kallo, ya zama mai bibiyar ɗan Koriya. Duk kiran da zai yi sai ya ce, "Yaronka fa?" In ce ya ci a Indiya, ko an doke shi a Japan, ko an yi masa aiki a gwiwa. Maganar gwiwar nan ta dame shi ƙwarai.

Zuwansa na ƙarshe da na gani, gwiwar a naɗe take da bandeji, kuma ya daina yawan zubewa. Ana tsakiyar wasa na biyu ya zube sau ɗaya, dab da raga. Na ruga na goge. Alƙali ya yi mini alamar in fita, ɗakin a cike maƙil ana jirana. Na tsuguna na dubi daɓen ta wajen fitila. Ga ƙyalli nan, bai fi tafin hannu ba, daidai inda yake dira da ƙafar mai ciwon. Na goge shi. Ya rusuna mini kamar kullum, bai san abin da na gani ba. Ya faɗi wasan, amma da ƙafarsa ya fita.

Washegari Baba ya kira. Bai tambayi wanda ya ci ba.

"Na ga ka tsuguna," ya ce.